Gauta a Gefen Langa

Jikokina sukan tambaye ni abincin da na fi so a zamaninmu. Nakan lissafa musu gurasar da ake barbaɗa wa ƙuli a yayyafa mata man gyaɗa, da tsiren bakin titi bayan la'asar, da burodi da kifin gwangwani na kanti, da shinkafar wata mata a Sabon Gari. Sai su yi dariya su ce ashe tsoho ma ya yi kwaɗayi. Nakan bar maganar a nan. Ragowar ita ce zan rubuta yanzu. Karatuna bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, amma ya isa mutum ya rubuta laifinsa da hannunsa.

Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, kuma ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido ba. Haka kunyar ɗan fari take a lokacin, ba wanda yake ganin abin a matsayin ƙiyayya. In tana son a gaya mini wani abu, sai ta juya wajen Gwaggo, yayar Baba da ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta, ta ce, "A ce wa wancan ya ɗebo ruwa." Ina tsaye a gabanta za ta faɗi haka. Gwaggo ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba, ni kuma in amsa wa Gwaggo.

Gidanmu a Fagge yake. Baba kanwa yake sayarwa. Dangin Inna Barebari ne, kakanninta suka zo da fatauci suka zauna, kuma abin da ya rage mata na can shi ne hannun burabusko. Shekaru kaɗan kafin a ba da mulkin kai, ina da kamar shekara ashirin, ban yi aure ba, na samu aiki a kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, mai sayar da yadi da atamfa. Ina ɗaga bandir, ina aunawa, ina shara. Daga ranar da na fara aikin, Inna ta shiga hura wuta tun da asuba saboda ni kaɗai. In na fito zan tafi, sai in tarar da langa a kan dakalin zaure, fara mai shuɗin baki, an ɗaure ta da ƙyalle. Ba ta taɓa miƙa mini ita da hannu ba.

Burabusko ne a ciki da miyar taushe. Abu biyu ba sa canzawa. A can ƙasa, in ka tona, akwai ƙanzon gindin tukunya da ta jiƙa da man shanu, don ta san tun ina rarrafe nake son sa, kuma ƙannena ba sa samu. A sama kuma akwai gauta guda ɗaya da ta dahu a cikin miya. Ni ba na cin gauta, ɗacinta yana tayar mini da zuciya. Gwaggo ta ce ina ƙarami na yi ciwon ciki har aka fid da rai, wata tsohuwa ta ce a riƙa ba ni gauta. Na warke ban ci ba. Amma Inna ba ta daina sa mini ba, ko wata rana zan ci. Kullum sai in ture ta gefe, langa ta koma gida da gautarta.

Kwaɗayina a kantin da ke kusa da namu ya fara. Kayan gwangwani suke sayarwa. A nan na fara cin burodi da kifin gwangwani, in tsoma burodin a cikin man har in goge gwangwanin tas. Akwai wani biskit mai tauri da nake jiƙawa a madarar gwangwani. Ina jin in na ci waɗannan na zama irin akawunan nan masu gajeren wando da doguwar safa. Daga nan wani tela da ke zama a barandar kantinmu ya ce mini ai ban ci komai ba tukuna, in biyo shi Sabon Gari.

Rumfa ce ta kwano a bayan kasuwa, da benci uku da tebur ɗaya. Mai ita 'yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, mijinta yana aikin jirgin ƙasa. Ta daɗe a Kano, Hausa a bakinta kamar ruwa. Kowa Madam yake ce mata. Na tsaya a bakin rumfar ina leƙen tukwane, na ce, "Naman nan wa ya yanka?"

Ta ce, "Mahaucinku, ɗan Fagge. Ni ko kaza ba na iya sa wa wuƙa. Za ka zauna ko alƙalanci ka zo yi?"

Na zauna. Ta zuba mini shinkafa da jar miya mai manja, ta ɗora soyayyar agada, babbar ayabar nan ta suya, a gefe. Ban taɓa cin abu mai zaƙi da yaji a loma ɗaya ba sai ranar. Bayan haka na ci teba da miyar agushi a wajenta, na ci doya da manja, na ci alale da aka dafa a ganye, na sha farfesun kayan ciki da ke sa hanci zuba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin rumfar nan, hayaƙin itace da manja da busasshen kifi. Ba zan yi ƙarya in ce abincin ba daɗi ba don in rage wa kaina laifi. Yana da daɗi ƙwarai.

Matsalar ita ce langa. In na ci na Madam, ba sauran wuri a cikina. Kwana biyu ina zare ƙanzon in ci a hanya, sauran in juye a kwata a bayan rumfar. Allah Ya yafe mini wannan. A rana ta uku Madam ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta gan ni na kwance ƙyalle.

"Kai! Abinci za ka zubar?"

Na ce ya yi tsami. Ta karɓe langar ta shinshina, ta harare ni, ta sa hannu ta ɗanɗana. Ta tauna a hankali. Sai ta ga gautar, ta ɗauka ta jefa a baki gaba ɗaya, ta lumshe ido.

Ta ce, "A garinmu da wannan ake tarar baƙo, kamar yadda kuke ba da goro. Wa ya dafa?"

"Innata."

"Matar nan ta iya miya. Ni na gaji da cin abin da nake sayarwa. Ka riƙa kawo mini wannan, ni in zuba maka abin da kake so. Amma ka gaya mata, kada in ci abincin mutane a ɓoye."

Washegari ta tambaye ni ko na gaya mata. Na ce na gaya mata, ta ce ba komai. Ƙarya ta farko ke nan.

Ban yi tunanin gauta ba sam. Da yamma na dawo na ajiye langa a bakin madafi, zan wuce, Gwaggo ta kira ni.

"Zo nan, ɗan nan. An ce in tambaye ka, langa ta dawo ba gauta. Ɓera ne a kantin naku, ko kuwa girma ne ya zo?"

Inna tana tsugune a gaban murhu ta ba mu baya. Hannunta ya tsaya a kan muciya. Da na faɗi gaskiya a lokacin, da faɗa kawai za a yi mini a wuce wurin. Sai na ce, "Girma ne, Gwaggo. Na fara ci."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce, "Shekara ashirin ana bin ka da magani, sai da Kwara ya sa ka ɗaukar kaya ka san daɗinsa." Na ga Inna ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta. Ban ga fuskarta ba, amma na san murmushi take yi. Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko muni, don ta faranta mata rai.

Washegari gauta biyu na gani a langa. Bayan mako guda suka zama uku. Gwaggo ta riƙa mita wai an mai da ita 'yar aiken gauta, in ta sayo a ce ba su yi ba, ta koma ta zaɓo masu kyau. Madam kuwa kullum sai ta ce, "Mamarka ta san abin da nake so." Ni ina cin shinkafa ina jin su duka biyun. Haka aka yi daga damina har sanyi ya shigo.

Ranar Kirsimeti Madam ba ta buɗe rumfa ba, amma ta ce in biya ta gidansu da yamma. Na je na tarar ta cika fanteka da shinkafa dafa-duka, da kaza guda, da agada a sama, ta rufe da sabon ƙyalle.

Ta ce, "Wannan ba naka ba ne, ka ji ni? Na Mamarka ne. Ka ce mai cin abincinta ta gode. Ka gaya mata mahauci na kira ya yanka kazar, kada ta ji komai."

Na ɗauko fanteka a ka na nufi Fagge, ina tafe ina neman yadda zan yi da ita. In na shigar da ita cikin gida, dole in faɗi wadda ta aiko da dalilin aikowar. Da na iso an idar da magariba, an shimfiɗa tabarma a zaurenmu. A unguwarmu ciyayya ake yi, kowane magidanci a fito da tuwon gidansa a haɗu a ci tare. Baba yana nan da maƙwabta uku, cikinsu har da wanzamin unguwa, mutum mai barkwanci. Sai na sauke fantekar a tsakiyarsu na ce wani mai sayen yadi ne ya ba ni, kuma yankan Musulmi ne. Kyautar da aka aiko wa mahaifiyata na raba wa maza a zaure, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga ciki ba.

Aka sa hannu. Wanzami ya kai loma biyu ya ce, "Ni fa gobe zan sayar da jakar aski in sayi jirgin ƙasa."

Aka fashe da dariya, aka ce santi ya kama wanzami. Wani ya ce a riƙe masa hula kada ta faɗa a miya. Kowa ya san santi, daɗin abinci ya kwance wa mutum baki ya faɗi abin da bai shirya ba, a yi masa dariya a wuce. Ni ma ina ci ina dariya, ina jin kaina wani babba, tun da ni na kawo abin da ya sa dattawa santi. Wanzami ya ce mini, "Kai yaro, ka san irin wannan kuwa, ko yau ka fara kamar mu?"

Na ce, "Ni? Ai wata biyar ke nan kullum girkin matar nan nake ci da rana. Duk Fagge babu macen da ta iya rabin wannan."

Biyu daga cikinsu suka yi dariya. Baba bai yi ba. Ya tsame hannunsa daga fantekar ya ce, a hankali, "To langar da ake ajiye maka a kan dakalin nan, wa yake ci?"

Na sunkuyar da kai. A daidai lokacin na ji ƙarar awarwaro a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida. A nan Inna takan ajiye kwanon ruwan sha ta ƙwanƙwasa a zo a ɗauka. Na ji an dire kwanon a ƙasa. Ba a ƙwanƙwasa ba. Sai takun ƙafa yana komawa ciki.

Wanzami ya so ya cece ni. Ya ce, "Haba Malam, santi ne. Ai ba a kama mutum da santi." Baba ya wanke hannu ya tashi ya tafi masallaci, alhali ba a kira isha ba.

Da safe na fito ina fatan kada in ga langa, don in an hana ni na san an hukunta ni. Tana nan a kan dakali, a ɗaure, da ɗuminta. A hanya na kwance na duba. Gauta uku a sama kamar kullum. Na sa yatsa na tona har ƙasa, na kewaye gindin langar. Babu ƙanzo.

Da rana na je wajen Madam. Tun daga nesa ta ce, "Ɗan Fagge! Mama ta ci? Me ta ce?"

Na zauna a benci na gaya mata komai, tun daga ƙarya ta farko. Ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

Ta ce, "Wato wata biyar ina cin abincin da uwa ta tashi da asuba ta dafa wa ɗanta, tana murna yana ci. Ka mai da ni ɓarauniya ban sani ba." Sai ta ce, "Me ta ce maka?"

"Ba ta ce komai ba. Ba ta yi mini magana. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa."

Madam ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Ta ce ita a wajensu da sunan ɗanta na fari ake kiranta, har nata sunan ya kusa ɓacewa. Ta ce, "To da me take kiran ka?"

"Ba ta kirana."

Ta dubi langar da ke kan tebur, ta tura mini ita da bayan hannu. "Ga shi kuwa kullum tana kira, kai ne kake aiko wata ta amsa. Ɗauke. Kuma kada ka sake zama a bencin nan da wannan a cike."

Na koma bayan kantinmu na zauna a inuwa na ci burabuskon da sanyinsa. Wata biyar rabona da shi. Na ɗauki gauta ɗaya na gatsa, na ce ko da wannan zan biya wani abu, amma ta ƙi wuce mini wuya. Na mayar da ita. Langa ta koma gida da gauta uku a gefe, ɗaya da shaidar haƙori.

Da yamma Gwaggo ta same ni a zaure. Ba wasa a fuskarta, abin da ban saba gani ba.

Ta ce, "An ga langa. An san wanda ya ci yau. An ce in tambaye ka, mai cin gautar lafiya take? Ko ita ma ka yi mata laifi?"

Na ce lafiya take, kuma ba ta san komai ba, ita ce ma ta aiko da shinkafar jiya a kawo wa Inna. Gwaggo ta ce, "Kai dai ka ji kunya," ta shiga ciki.

Washegari langa biyu na tarar a kan dakali. Tawa, da wata ƙarama da miya da gauta uku. Tawa ba gauta ko ɗaya, ba ƙanzo. Ba wanda ya gaya mini inda zan kai ƙaramar, na sani. Madam ta karɓa da hannu biyu. Ba ta mayar da ita haka ba, ta sa alale a ciki. Daga nan abin ya ɗore, wani lokaci sau biyu a mako, wani lokaci sau ɗaya, ni ne mai kaiwa da kawowa, har aka yi wa mijin Madam canjin wurin aiki suka bar Kano. Matan nan biyu ba su taɓa ganin juna ba. Inna takan ce, "A gaishe da mai gauta." Madam takan ce, "Ka gaida Mama, kuma ka tabbata ka faɗa."

Na nemi gafara. Na fara bi ta wajen Gwaggo, na ce ta roƙa mini Inna ta yafe mini abin da na faɗa a zaure da abin da na aikata. Gwaggo ta shiga ta fito ta ce, "Ta ce santi ba laifi ba ne." Na ce ba santin kaɗai ba, har da ƙaryar gauta. Ta sake shiga ta fito ta ce, "Ta ce ita ba ta san wani laifi ba." Wata safiya na yi ƙarfin hali, na durƙusa a ƙofar ɗakinta bayan gaisuwa na ƙi tashi, na ce, "Inna." Sai ta ɗaga murya ta ce wa Gwaggo, "Yaya, a ce wa wancan rana ta yi, zai makara."

Na daɗe ina jin haushin wannan amsa, ina cewa a raina ta rufe mini ƙofa. Sai da na haifi nawa na gane ba ta da wata ƙofar da za ta buɗe. In ta ce ta yafe, ta yarda ke nan abin ya yi mata ciwo, kuma uwa ba ta nuna ɗan fari ya isa ya sa ta jin ciwo ko daɗi. Hanya ɗaya take da ita ta gaya mini abin da ke ranta, ni kuma na ɗauki hanyar na yi musaya da ita saboda shinkafa da agada.

Langa ba ta fasa fitowa ba ko kwana ɗaya, har na yi aure bayan shekara uku matata ta karɓi girkina. A cikin shekarun nan uku ban sake bayar da ita ga kowa ba, kuma kullum sai na tona ƙasa kafin in fara ci. Ƙanzon ƙannena ake ba, ina ganin su da shi a tsakar gida suna rabo. Ban taɓa tambaya ba, ba a kuma taɓa yi mini bayani ba.

Da ciwon ajalinta ya yi tsanani aka tara mu a ɗakinta, ta nemi kowa ya yafe mata kamar yadda ake yi. Na matsa kusa na ce, "Inna, ni ne mai neman yafiya." Gwaggo tana zaune a gefen gadon, ta tsufa sosai a lokacin. Inna ta juya kai wajenta ta ce, "A ce masa ban riƙe kowa ba." Gwaggo ta juyo ta maimaita mini, ni kuma na amsa wa Gwaggo.

Na yarda da maganarta, don ban taɓa jin ta yi ƙarya ba. Ina yi mata addu'a bayan kowace salla, ina kuma roƙon Allah Ya yafe mini abincin da na zubar a kwata da ƙaryar da na yi wa mata biyu da ba su cuce ni da komai ba. Yanzu surukaina ne suke aiko mini da abinci, haƙorana ma ba za su iya ƙanzo ba ko an sa. Duk da haka, in aka ajiye mini kwano na buɗe, kafin in yi bisimilla sai in ga yatsana ya riga ya kai ƙasa. Jikokin sun lura, sukan ce me tsoho yake nema a gindin kwano. Nakan ce musu zafi nake dubawa.